Shatar ƙaramin jirgi ko babban jirgin haɗaka: wanne ya fi idan da yara?

Malam, ka ce kana son kai iyali kamun kifi can cikin teku, kai da uwargida da yara biyu, mai shekara 6 da mai 11, kuma ba wanda ya taɓa hawa teku a cikinku. Kana tambaya ko ku yi shatar ƙaramin jirgi ku kaɗai, ko ku biya kuɗin kujera a babban jirgin da ke kwasar mutum talatin ko arba'in. Na hau duka biyun, kuma ni dai in da yara, shata zan yi. Amma bari in fara ba babban jirgi haƙƙinsa.

Ya fi zama daram a kan ruwa. Igiyar da za ta riƙa wurgi da ƙaramin jirgi, shi sai dai ta ɗan jijjiga shi. Ƙarfen gefensa dogo ne, akwai banɗaki na gaske, akwai inuwa, ma'aikata sun fi yawa, kuɗin kuma ya fi sauƙi tunda a kan kowa ake raba shi. A wasu ƙasashen ma doka ta fi sa masa ido. A Amurka, jirgin da ke ɗaukar fasinja masu biya sama da 6 sai hukumar tsaron gaɓar teku ta duba shi ta ba shi takarda, wanda ba a tilasta wa mai ɗaukar 6 ko ƙasa da haka ba.

Aibinsa shi ne ba ya juyowa saboda mutum ɗaya. Na taɓa gani da idona: ba mu fi awa guda da barin gaɓa ba wata yarinya ta fara amai. Uban ya je ya roƙi matuƙi, matuƙin ya ba shi haƙuri ya miƙa masa bokiti. Ba mugunta ya yi ba, mutum arba'in ne suka biya kuɗin yini guda. Haka yarinyar nan ta wuni kwance a benci, an lulluɓe ta da rigar babanta, shi kuwa ko fatsa bai taɓa ba har muka dawo. Ciwon teku, wato jiri da amai saboda lilon jirgi, ba ya cikin abin da ake katse tafiya dominsa a irin wannan jirgi, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 12 su ya fi kamawa. Naka duka biyun suna cikin wannan tsakanin.

Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da can cikin kunne: kunne na jin jirgi na lilo, ido kuma, in yana kallon bango ko waya, yana cewa a tsaye ake. Shi ya sa shiga ɗaki ke ƙara tsananta shi. A zauna a tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. A ƙaramin jirgi lilon ya fi yawa, wannan gaskiya ne, sai dai kai ke da jirgin na ranar. Kana iya ce wa matuƙi ya matso wurin da ruwa ya lafa, ko ku koma gida gaba ɗaya. Ka faɗa masa haka tun ranar ciniki, kada ya zo yana jan rai don ganin an kama babban kifi.

Sai maganar fatsa. A jirgin haɗaka kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, zare na sarƙewa da na maƙwabci, ƙugiyoyi da dalma na lilo daidai fuskar ɗan shekara 6. A shata ku huɗu ne, yaron jirgi na kanku, shi zai maƙala abincin kifi, shi zai cire kifin. Ko a wanne ne dai, a sa wa yara tabarau, don ba rana kaɗai yake tarewa ba.

To amma shata ba ta fi matuƙinta kyau ba, kuma a nan ne aikinka yake. Tambaya ta farko: akwai rigar ceto daidai yara? Da nauyin jiki ake auna ta, ba da shekaru ba, kuma ta manya ba ta yi wa yaro komai, sulluɓewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. A ma'aunin ISO 12402, wato ƙa'idar duniya ta rigunan ceto, akwai mai lamba 50, 100, 150 da 275. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da gaɓa. Mai 150 ita aka yi don teku, an tsara ta ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Ka sa wa yaro, ka ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura haɓarsa ta kai kunne, ta yi masa yawa. Ni na fi son in sayi tawa in gwada a gida, don ba a fafe gora ranar tafiya. Haka maganin jiri: a tambayi likita wanda ya dace da yaro, a sha shi kamar awa guda kafin a hau, don in amai ya riga ya fara, ƙwaya ba ta zama a ciki.

Tambaya ta biyu, me zai kira taimako da shi? Wayar hannu kan ɗauke in aka yi nisa. Ka ce ya nuna maka rediyon jirgi, ya koya maka da uwargida danna shi a tasha ta 16, wadda ita ce ta neman agaji a duk tekunan duniya. In tafiyar mai nisa ce, ka tambayi na'urar EPIRB, wadda ke aika wa taurarin ɗan'adam saƙo da wurin da jirgi yake. Matuƙin da ya ɓata rai don ka yi waɗannan tambayoyi, ka nemi wani.

Nisa kuwa a lissafa shi da awa. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, kuma jirgin da ke cin mil 15 a awa, in ya yi nisan mil 30, aƙalla awa biyu ke tsakaninsa da asibiti mafi kusa, in ruwa ya yarda. Saboda haka karon farko kada ku wuce tafiyar awa huɗu, ta safe. Da hasashen yanayi, kada ka tsaya a tsawon igiya kaɗai, ka duba daƙiƙa nawa ke tsakanin wata da wata. Mai mita ɗaya da ke zuwa duk daƙiƙa 12 lallausan lilo ce. Mai zuwa duk daƙiƙa 5 kuwa bugun jirgi take yi. In iska ta kai mataki na 5 a ma'aunin Beaufort, wanda ake auna ƙarfin iska da shi, ɗaga tafiyar. A irin wannan ranar ne kawai zan ce babban jirgi ya fi, kuma ko shi ɗin, na rabin yini.

Kafin ku tashi, ka bar wa wani a tudu sunan jirgi, lambar matuƙi da lokacin dawowa. Ka kuma zaunar da mai shekara 11 ka ba shi aikinsa: in wani ya faɗa ruwa, ba tsalle, ba bi. Ya yi ihu, ya nuna shi da yatsa, kada ya ɗauke ido ko ya sauke hannu har jirgi ya juyo, domin kan mutum a cikin igiyoyi nan da nan yake ɓacewa.