Haƙa da iska a rijiyoyin gas masu taurin dutse: kuɗin hayar na biyan kansa?

Duk wanda ya taɓa kallon masu haƙa burtsatse a Kano ko Zariya ya ga tushen wannan aiki: kwampreso na ruri, hama na dukan dutse a can ƙasa, farar ƙura na tashi. Shi ne abin da kamfanonin hayar kayan haƙa da iska suke sayarwa a Amurka, musamman a tsaunukan Afalashiya da yankin Val Verde na yammacin Teksas. Sai dai a nan zurfin dubban ƙafa ne, kuma abin da ke ƙasa gas ne mai kama wuta.

Saurin da suke tallatawa gaskiya ne. Ruwan laka, wanda aka saba haƙa da shi maimakon iska, mai nauyin fam 10 a galan, a zurfin ƙafa 10,000, yana danna gindin rami da matsin psi 5,200 (psi na nufin nauyin fam a kan kowane murabba'in inci). Wannan nauyi kan danne ɓarɓashin da aka fasa, sai bakin haƙa ya yi ta niƙa abin da ya riga ya niƙa. Da an maye laka da iska, matsin ramin ya koma ƙasa da na cikin dutsen, ɓarɓashi ya riƙa ɓallewa da kansa. A busasshen dutsen yashi ko na farar ƙasa mai tauri, sauri kan ninka biyu ko uku, wani lokaci fiye.

Kayan da za a sauke maka su ne kwampreso, kowane mai ba da wajen ƙafa-kubik 1,150 a minti kan psi 350, da busta mai ƙara matsin ya haura psi 1,000, da famfon feshin ruwa da sabulu, da murfi mai juyawa wanda robarsa ke rungume bututu a bakin rijiya. Sai dogon bututun fitar da ƙura, ƙafa 150 ko fiye, da wuta kunne a ƙarshensa don ƙone gas. A cikin bututun haƙa kuma dole a sa bawul mai hana gas dawowa sama.

A wajen yawan iska ne ake gane mai aikin kirki. Ƙa'idar injiniya Angel ta 1957 ta ce iska ta yi gudun ƙafa 3,000 a minti tsakanin bututu da bangon rami. A rami mai inci 8¾ da bututu mai inci 4½, lissafin ya ba da kusan ƙafa-kubik 920 a minti a kusa da sama, amma yana ƙaruwa da zurfi, kuma wannan mafi ƙaranci ne. Wanda ya kawo maka farashi mai sauƙi da kwampreso ɗaya tak, ba rahusa ya yi maka ba. A nemi biyu ko uku suna aiki, ɗaya na jira.

Ruwa shi ne babban abokin gāba. Ba ma mai yawan ba, ɗan tsattsafin da ke jiƙa ƙura ta zama taɓo. Taɓon ya manne a jikin bututu da bango, ya zama zobe, ya shaƙe hanyar iska. Alamarsa a fili take: ƙura ta ɗauke a bakin bututun fita, allurar matsi ta fara hawa. Idan aka ci gaba a haka, ko bututu ya maƙale, ko kuwa wuta ta tashi a ƙasa, domin gas kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a iska, a wuri matsattse mai zafi, ba ya buƙatar ashana. Irin wannan wuta tana narkar da ƙarfe. Maganin shi ne a ɗaga bakin haƙa nan take, a hura ramin, a koma feshi: ganga 10 zuwa 20 na ruwa a awa da sabulu da maganin tsatsa, a ƙara iska da kashi 30 zuwa 40. Kafin a shiga inda gas yake, ya fi aminci a koma naitirojin, iskar da ba ta rura wuta, wanda oksijin ɗinsa bai wuce kashi 5 ba. Injin da ke tace naitirojin daga iska na cinye kusan rabin iskar da aka ba shi, don haka kuɗin dizal zai yi tsalle. A san da wannan tun a takardar farashi.

Hama ba ta son a danne ta da nauyi, kuma juyi kaɗan take so, 20 zuwa 60 a minti, da man hana ƙarfe gogewa a cikin iska kullum. Tana riƙe rami a miƙe inda dutse ya karkace, wannan kuwa babbar riba ce. Aibinta biyu: haƙoran gefe su cinye rami ya tsuke, ko kan bakin ya karye ya zauna a ƙasa. A dage kan samfurin da ke da mariƙin da zai riƙe kan idan ya karye.

Inda dutsen yumɓu ke zubewa, ko gas mai guba na haidirojin salfaid, ko ruwa mai ƙarfi, kada a ɗauki wannan haya. Na'urar auna karkata mai aika saƙo ta cikin laka ma ba ta aiki a iska, sai mai amfani da maganaɗisu. Kafin sa hannu, a duba bayanan rijiyoyin maƙwabta a ga zurfin da ruwa ya fito, a rubuta kuɗin zaman jira a yarjejeniya, kuma tankunan laka su kasance cike tun ranar farko don a iya komawa laka idan iska ta gaza.