Na kai injin Vespa wajen wani dattijon bakanike a Dilimi ya duba min lamba

Vespar ta marigayi babanmu ce, P150X, irin wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1970, kuma tun da injin ya buga aka jingine ta a zaure a Unguwar Rogo a Jos, kaji har ƙwai sun yi a ƙarƙashinta. Bana ne na ce bari in tashe ta. Kowa na tambaya sai ya ce kar ka wahalar da kanka da gyara, ka nemi wani injin kawai ka ɗaura, toh cikin haka wani ya haɗa ni da mai sayarwa ta waya, ya turo hoto, inji tas kaman yau aka sauke shi daga kwali, wai ɗan Italiya ne orijinal, ga lamba ma ya ɗauko min kusa-kusa. Har na ba da kafin alƙalami wallahi. Ƙanin mamanmu ne ya ce kar in cika kuɗin sai na kai wa wani tsohon abokinsa da ke gyaran Basfa (haka su suke kiranta) a wani lungu a Dilimi, ya duba.

Bari in fara da abun da bai min daɗi ba dan kar a ce talla nake mishi. Baba bakaniken baya ɗaga waya. Sau biyu ina zuwa shago a kulle, na uku na same shi amma sai da na yi wajen awa biyu a tsaye cikin sanyin nan na safe da ku 'yan Jos kun san shi, benci ɗaya ne kuma kafireta ce a baje a kai. Ba wurin ajiye abin hawa, mai keken da ya ɗauko mana Vespar da injin mai sayarwa sai masifa yake.

Amma da ya zo kan aikin, sai na manta da tsayuwar.

Bai ko kalli fentin ba. Ya sa yaronsa ya kwantar da injin da aka kawo min, ya ɗauko tsohon burushin haƙori da kalanzir a gwangwanin madara ya wanke wajen lambar, wato kan hannun injin nan da ke riƙe shi da bodi, ta kusa da inda ake ɗaure salansa. Na ce Baba ga samfefa nan ai zai fi sauri, ya ɗago ya kalle ni ya ce "yaro, alminiyam ne, in ka goge shi ka goge shaidarka da hannunka." Sai ya ja mu cikin shago inda ba haske sosai, ya kunna tocila ya kwantar da ita ta gefe yadda hasken zai bi saman ƙarfen a kwance, ba daga sama ba. Nan take ni kaina na ga abun. Duk jikin injin yana da ɗan kaushi na zubin kamfani, amma daidai wajen lambar sumul yake har yana sheƙi, da wasu siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya. Ya ɗora rular ƙarfe a kai ya haska ta baya, sai ga haske yana wucewa ta ƙasan tsakiyar rular, alamar an ci wurin da giranda ya yi ɗan kwari.

Daga nan ya shimfiɗa farar takarda ya bi da fensir a hankali har lambar ta fito, ya yi haka ma a injin babanmu, ya ajiye su gefe da gefe. A nan ya koya min abun da ban taɓa sani ba duk da na tashi ina ganin mashin ɗin nan. Kafin lambobin akwai haruffa, na wannan samfurin VLX1M ne a inji, a bodi kuma VLX1T, M ɗin na nufin inji T ɗin na nufin gangar jiki a yaren Italiya. In da 125 ce VNX za ka gani. Na mai sayarwa ma VLX1M aka buga, wanda ya yi aikin ba jahili bane, amma X ɗin ya fi sauran nitsewa, akwai 3 guda biyu a ciki ɗaya ta hau sama ɗaya ta karkace, wata lambar ma an buge ta sau biyu har tana da inuwa. Ya ce na kamfani ma ba kullum yake miƙewa ɗoɗar ba, dan haka karkata kaɗai bata isa a ce jabu bane, amma in ta haɗu da gogaggen wuri da kwari, toh magana ta ƙare.

Na tambaye shi to injin mene ne. Ya ce a ganinsa na Indiya ne, dan kamfanin LML na can a da ya daɗe yana ƙera irin PX ɗin nan da izinin Piaggio kuma injinsu yana zama a bodin ba tare da an yanke komai ba, ya ce ba mugun inji bane, da an sayar min da shi da sunansa da kuɗinsa ba laifi. Matsalar ita ce lambar asali an share ta, kuma ba wanda ke share lamba dan nishaɗi. Ko dai a ci kuɗin ɗan Italiya, ko kuma mashin ɗin da aka ciro shi akwai mai nemansa. Abun da ya burge ni, bai ce na sata ne ba, ya ce shi ido gare shi ba takardar hukuma ba, kuma masu binciken laifi suna iya dawo da gogaggiyar lamba da sinadari saboda bugun farko yana danne ƙarfen da ke ƙasa. Wato ranar da aka tare ka a hanya aka tono, kai ne za ka yi bayani, mai sayarwa ya canja layi tuntuni. Kuma kun san yadda ake da mashin a garin nan tun da aka hana 'yan goyin, wato 'yan acaɓa, ko naka na kanka ne sai takardunka sun cika.

Sai kuma hankalina ya tashi da na ga lambar injin babanmu bata yi daidai da ta bodi ba, na ce shikenan shima an cuce shi. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce Vespa dama haka take zuwa, lambar inji daban ta bodi daban, haruffan farko ne ya kamata su zama 'yan gida ɗaya. Ya cire murfin gefen dama ya nuna min ta bodi da ɗan tauraro a farko da ƙarshe, ya bi kewayen da maganaɗisu ko akwai inda aka cike aka dasa wata lambar, ko'ina ya kama. Duka biyun sun dace da abun da ke tsohuwar takardar da mama ta adana a ƙasan akwati.

Kuɗin dubawa bai kai na cika tankin mota rabi ba, kuma bai matsa min sai shi zai yi gyaran ba, ko da yake shi ɗin na ba wa. Ya buɗe injin ya ce fistin da ringi da boris da oyel-sil ne, jikin lafiya lau. Ƙorafina na ƙarshe, baya ba da rasit ko wani rubutu, takardun fensir ɗin nan biyu kawai ya miƙo min, su na ɗauka a hoto na tura wa mai sayarwa. Rabin kafin alƙalamina ya dawo, sauran yana ta "gobe in sha Allah" yau sati uku. In za ku je ku je da injin kansa kar ku kai mishi hoto, korar ku zai yi, kuma ku bari sai bayan la'asar, lokacin ne yake zama.