Ɗakin tazarar haihuwa a asibitin sha-ka-tafi: magani kyauta, kayan aiki da kuɗi

Tun 2011 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, a 2014 kuma aka ba ƙwararrun jami'an lafiya na matakin farko izinin saka ashana (ƙaramar sanda da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse) da robar mahaifa, aikin da a da sai likita ko ungozoma. Wannan izinin ne ya fi taimakon matan karkara, domin yawancin ƙananan asibitoci ba su da likita.

Wajen zaɓi, ɗakin ya cancanci yabo, idan kaya sun iso. Akwai allurar Depo ta wata uku da Noristerat ta wata biyu. Ashana iri biyu ce: Implanon sanda ɗaya, shekara 3, Jadelle sanda biyu, shekara 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10. Allurar Sayana Press ta fi dacewa da matar da asibiti ya yi wa nisa, don bayan an koya mata tana iya yi wa kanta a cinya ko fatar ciki duk mako 13.

Matsalar tana ga kalmar "kyauta". Ashanar kyauta ce, amma saka ta na buƙatar safar hannu, allurar kashe zafi, auduga, maganin goge fata da filasta, kuma waɗannan ba sa zuwa cikin kwalin. Inda jiha ba ta ware musu kuɗi ba, sai a ce mace ta biya. Mai hali ta biya, mara hali ta koma gida ko ta karɓi allura ba don ita take so ba. Cirewa ta fi wuya: ana buƙatar wuƙar tiyata da almakashin kamawa da aka dafa, da hannun da ya saba. Ashanar da aka tura can cikin tsokar damtse maimakon ƙarƙashin fata ba ta ciruwa a nan, sai babban asibiti. Kafin a saka miki, tambayi wa zai cire da nawa.

Sai sharuɗɗan da wasu ma'aikata ke ƙirƙira. "Je ki dawo in kin ga al'ada" ya sa mata da yawa sun dawo da ciki, alhali gwajin fitsari da 'yan tambayoyi sun isa. "Kawo maigida" ma ba ya cikin ƙa'idar ƙasa, ko da yake shawara da shi ta fi kawo zaman lafiya. Wadda ta makara allurar Depo kuwa, har mako 4 ana iya yi mata ba tare da wani gwaji ba.

Bayani ma yakan yi ƙaranci ranar awon ciki da riga-kafi, lokacin da layi ya kai waje. Ya kamata a gaya wa mace cewa allura da ashana kan rikita jini, ko ɗigo ko ɗaukewa, kuma bayan barin Depo ciki kan yi jinkirin watanni. A auna hawan jini kafin a ba da ƙwayar Microgynon, kada a ba mai jegon da ba ta cika mako 6 ba. Mai shan rifampicin na tarin fuka ta faɗa tun farko, domin yana rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Depo ko robar mahaifa za a ba ta.