Kamfanin da ya gyara mana dumama a ginin ofis, bayan hunturu guda

Da gangan na ƙi rubuta komai sai da muka fita daga hunturu guda cur, don aikin dumama sai sanyi ya buga sannan ake sanin ingancinsa. Ni ke kula da wani tsohon gini mai hawa huɗu, ƙasa shaguna sama ofisoshi, kuma boilar da na tarar a ciki, wato tukunyar da ke dumama ruwan da ke zagaya ginin, abu biyu kawai ta sani, a kunne ko a kashe. Tun asuba take ƙona gas har dare, Asabar da Lahadi ma haka alhali ba kowa a ginin. Mutanen hawa na ɗaya suna buɗe taga saboda zafi, na hawa na huɗu kowa da 'yar hitarsa ta lantarki a ƙarƙashin tebur, kuma kullum ni ake kira.

Ni a tunanina a cire tsohuwa a sa sabuwa shi ke nan. Injiniyansu ya ce a'a, a ba shi sati biyu tukun, ya bi ɗakuna da jikin bututu ya manna na'urorin auna zafi, ya karɓi tsofaffin bil ɗin gas ya duba. Wallahi a lokacin na ɗauka jan lokaci ne, ashe nan ne aikin yake. Ya gano tsohuwar ta yi wa ginin girma sosai, shi ya sa take ta kamawa tana mutuwa tana ɓarnar gas. Suka sa ƙanana guda biyu masu karɓa-karɓa, irin masu tatsar zafi daga hayaƙi. Yadda ya min bayani, in gas ya ƙone akwai tururi a cikin hayaƙin, tsohuwar sai ta watsar da shi sama da zafinsa, sabuwar kuwa tana sanyaya hayaƙin har tururin ya koma ruwa ta kwashe zafin ta mayar cikin bututu. Amma fa hakan ba ya yiwuwa sai ruwan da ke dawowa daga radiyeta, wato ƙarafan da ke ba ɗakuna zafi, ya sauko ƙasa da wajen digiri 55, in ka bar ta tana tura ruwa a digiri 80 kamar da to ka sayi abu mai tsada ne kana amfani da shi kamar tsohon.

Shi ya sa nake cewa ɓangaren sarrafawa ya fi boilar kanta amfani a wajenmu. Sun sa sensa a waje, jikin bangon da rana ba ta bugawa, in gari ya ɗan yi ɗumi zafin ruwan ya sauka da kansa, in sanyi ya tsananta ya hau. Da dare da ƙarshen mako komai ya lafa. Injin tura ruwa ma sun canza shi zuwa mai rage gudu, kuma irin wannan injin in ka rage gudunsa da kashi 20 cikin 100 wutar da yake ci kusan rabi take raguwa. Sun wanke bututun, baƙin laka da ya fito sai wanda ya gani, suka sa matata mai maganaɗisu, sannan suka bi bawul ɗaya bayan ɗaya suna daidaita ruwan har hawa na huɗu ya fara samun rabonsa. Hitocin nan duk an kwashe su, bil ɗin gas da na wuta duka sun sauko. Na kuma ji daɗi da suka yi tsarin da BACnet, wato yaren da na'urorin gini na kamfanoni daban-daban ke magana da juna da shi, ko gobe muka raba gari wani kamfanin zai iya ɗorawa.

Inda suka ɓata min rai shi ne miƙa aiki. Awa ɗaya suka koya min allon sarrafawa suka tafi, lambar sirri ta canza saiti ma sai da na yi ta kira kafin aka ba ni. Sannan bututun da ke fitar da ruwan nan na hayaƙi sun bi da shi ta waje ba su naɗe shi ba, daren da aka yi ƙanƙara ya daskare boila ta tsaya cak, ranar Litinin mutane suka shigo gini kamar firji. Sai da aka yi kwana biyu kafin su zo, a tsakiyar sanyi gaskiya ya yi yawa, duk da dai sun mayar da bututun ciki ba su karɓi ko sisi ba.

Na ba su huɗu cikin biyar. Wanda zai ɗauke su ya sa a yarjejeniya tun farko cewa za su dawo tsakiyar hunturu su sake saiti, su ba da horo na yini guda, lambar sirri kuma a hannunsa ranar da aka gama.