Vincent Black Shadow: Babur ɗin da Ya Cancanci Sunansa, Muddin Lambobinsa na Gaskiya Ne

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da aka yaye wa babur ɗin tampol shi ne agogon gudunsa. Faɗinsa inci biyar, an kafa shi a tsaye a gaban mahayi, kuma lambobinsa sun tafi har mil 150 a sa'a. Mai babur ɗin wani dattijo ne da ke zaune a ƙauye arewa da Landan, ya daɗe yana hawansa, kuma sai da na yi ta zarya garejinsa kafin ya yarda na hau shi sau biyu a hanyoyin karkara. Vincent Black Shadow ne ƙirar 1951, samfurin da ake kira Series C, wanda shi aka fi samu a kasuwar masu tara tsofaffin babura.

A garin Stevenage na ƙasar Ingila aka ƙera shi, daga 1948 zuwa 1955, lokacin da kamfanin ya daina yin babura saboda asarar da yake tafkawa. Philip Vincent ne mai kamfanin, shi da injiniya Phil Irving ɗan ƙasar Ostareliya suka zana injin. Gaba ɗaya waɗanda aka yi ba su wuce dubu ɗaya da ɗari bakwai da 'yan kai ba. Injin mai silinda biyu ne, girmansa cc 998, ƙarfinsa doki 55, kuma gudunsa ya kai mil 125 a sa'a, wato kilomita 200 da ɗoriya, a zamanin da Ingila ke cikin ƙuncin bayan yaƙin duniya na biyu, ana rabon fetur da kati.

Wanda ya san kanikanci zai daɗe a tsugune gaban wannan babur, domin ba shi da firam irin wanda muka saba gani. Injin da kansa shi ne ƙashin bayan babur ɗin. A samansa an ɗaura wani dogon akwatin ƙarfe wanda ke riƙe da wuyan babur, kuma shi ne tankin baƙin mai, sannan ɓangaren baya yana lilo a jikin injin, shokozobansa na ɓoye a ƙarƙashin sit. Kowace taya tana da birki biyu, ɗaya a kowane gefe. Ana iya cire taya ba tare da sifana ba, domin an yi wa ƙarfen tsakiyarta mariƙi da ake murɗawa da hannu, kuma tayar baya tana iya ɗaukar sifaket biyu masu girma daban, ta yadda idan aka juya ta sai ƙarfin jan babur ɗin ya canza. An shafe injin da baƙin fenti, daga nan sunan ya samo asali. Duk inda ka kai hannu za ka ga alamar cewa wanda ya zana shi mahayi ne da ya taɓa lalacewa a hanya, kuma wannan ne ya fi komai burge ni.

Tayar da shi yana buƙatar natsuwa. Dattijon ya nuna mini yadda ake buɗe mai, a danna ɗan maɓallin kafireto har fetur ya leƙo, a taka kik a hankali har a ji injin ya yi tauri, a ja ɗan hannun da ke sassauta matsin silinda, a ɗan ƙara takawa, sannan a saki dukkan nauyin jiki a kan kik ɗin. A bugu na uku ya tashi, da wata ƙara mai zurfi wadda ake jin ta a ƙirji. A kan hanya kuwa, abin mamakin shi ne rashin hayaniyarsa: a mil 70 injin yana bugawa a hankali kamar bai fara aiki ba, kuma da an murɗa mai sai ya miƙe ba tare da an sauko da giya ba. Nauyinsa bai wuce kilo 210 ba, gajere ne, yana bin kwana da sauƙi.

Yana da nasa aibu, kuma mai saye ya kamata ya san su. Giyarsa a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin baburan Japan da Indiya da Sin da suka cika titunan Kano da Maraɗi, saboda haka sabon mahayi sai ya tattara hankalinsa a kowace mahaɗa. Birkinsa ya yi fice a zamaninsa, amma ba ya kama ƙafar birkin yau, dole a bar tazara mai yawa. Kulocinsa yana da sarƙaƙiya, idan baƙin mai ya ɗiga masa sai ya riƙa fizga ko zamewa. Wutarsa bolt 6 ce, fitilar ba ta isa tafiyar dare mai nisa. Abin da ke rage damuwa shi ne kayan gyara suna samuwa: ƙungiyar masu Vincent, wadda aka kafa tun 1948, tana da kamfanin safaya nata, kuma a 2007 sun haɗa sabon Black Shadow cif da kayan da aka ƙera a wannan zamani.

Sai batun kuɗi, inda a ganina aka fi bukatar taka tsantsan. Sunan Vincent ya ɗaukaka tun ranar 13 ga Satumba 1948, lokacin da wani mahayi Ba'amurke, Rollie Free, ya kwanta rub da ciki a kan babur ɗin Vincent, sanye da gajeren wandon wanka, ya yi gudun mil 150.313 a filin gishiri na Bonneville a Amurka. A Janairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da Black Lightning, ɗan'uwan Black Shadow na tsere, wanda Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostareliya a 1953, a kan dala 929,000 a Las Vegas. Black Shadow na hanya bai kai nan ba, amma mai kyau yana cin dubban fam masu yawa, wasu sun haura dala dubu ɗari, ban da la'adar da kamfanin gwanjo ke ɗorawa a kan farashin da aka buga guduma.

Wannan tsada ita ta jawo jabu. Kamfanin Vincent ya yi wani samfuri mai suna Rapide, wanda kusan komai nasu ɗaya ne, sai dai ƙarfinsa doki 45 ne, injinsa fari, agogonsa ƙarami, farashinsa kuma ƙasa sosai. Da baƙin fenti da babban agogo ana iya mayar da Rapide ya yi kama da Shadow, har idon gwani ya ruɗe daga nesa. Abin da ke raba gardama shi ne lambobi. Lambar injin Shadow tana farawa da F10AB/1B, ta Rapide kuma ba ta da wannan B na ƙarshe. Akwai lamba a jikin akwatin ƙarfen nan na sama da kuma ɓangaren baya, waɗanda ya kamata su zama ɗaya, kuma galibi sun ɗara lambar injin da 1900. Akwai kuma lambobin da ke nuna cewa ɓari biyu na kaskon injin tare aka haɗa su tun daga masana'anta. Ƙungiyar masu Vincent tana riƙe da tsofaffin takardun kamfanin, tana iya duba lambobi ta bayar da shaida. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya miƙa kuɗinsa ba sai ya ga wannan shaida da idonsa, komai daɗin bakin dillali.

Ga wanda hawa yake so, ra'ayina shi ne Rapide ya fi dacewa da kuɗinsa, domin a gudun da doka ta amince da shi bambancinsu kaɗan ne. Wanda kuma yake neman Shadow na asali, ya fi kyau ya nemi wanda ake hawa a kai a kai, ko da fentinsa ya dusashe, a kan wanda aka goge ya yi ƙyalli aka ajiye shekara goma ba a tayar ba, saboda magneto (na'urar da ke ba fulogi wuta) da robobi da kuloci duk zama yana lalata su. Na dattijon nan tankinsa ya koɗe daidai inda gwiwa ke gogarsa, kuma duk ranar Lahadin da babu ruwan sama yana fitowa da shi.