African Storybook: littattafan yara kyauta, da abin da ya kamata a duba kafin a buga

Wanda ya taɓa tona tulin littattafan yara na gwanjo ya san yadda tsofaffin littattafan Turawa ke zana baƙin mutum: fata baƙa ƙirin kamar gawayi, leɓe ja jawur ya cinye rabin fuska, ido zuru-zuru, ba riga ba takalmi. Haka Hergé, mai zanen barkwanci ɗan ƙasar Beljiyam, ya zana mutanen Kwango a littafin Tintin na 1931, wanda masu karatun Faransanci suka sani. Sunan Sambo ma, da muke kiran 'ya'yanmu da shi cikin mutunci, zagi ne ga baƙar fata a Amurka, kuma wani littafin yara na 1899 ya taimaka wajen yaɗa shi.

Shi ya sa African Storybook, shafin intanet na littattafan yaran Afirka masu zane, ya cancanci a duba shi da kyau. Cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ce ta buɗe shafin a 2014, akwai labarai da Hausa a ciki, ba a biyan ko sisi. An kasa littattafan mataki biyar, daga mai 'yan kalmomi a shafi zuwa wanda babba zai karanta wa yara. Akwai manhajar waya da ake sauke labari a karanta ba tare da data ba.

Zanen shi ne ƙarfinsa. Yaro baƙi shi ne mai labarin, shi ke yin wayo, shi ke yin kuskure ya gyara. A littattafan da aka ƙware wajen zanensu za ka ga baƙi, wankan tarwaɗa da mai haske a gida ɗaya, kamar yadda muke, ga kitso an zana shi layi-layi. Sai dai aikin ya fara ne a Kenya, Uganda, Lesotho da Afirka ta Kudu, don haka gidaje da tufafi da sunaye da yawa na can ne. Ɗan Kano ko Maraɗi zai ga launin fatarsa, amma sai ya yi nema kafin ya ga zaure, hula, lalle ko allo. Labaran ƙauye da na dabbobi kuma sun yi yawa a ganina, alhali yaran birni ma suna son ganin unguwarsu.

Wajen bugawa ne aka fi yin ɓarna. Takardar A4 ɗaya, gaba da baya, tana ɗaukar shafi 4 idan an ninka, wato littafi mai shafi 16 takarda 4 yake ci. Matsalar ita ce injin fotokwafi mai baƙi da fari: yana haɗe launin ruwan ƙasa mai duhu ya zama baƙi ɗaya, hanci da kumatu su ɓace, a bar fararen idanu da haƙora kawai. Wato wancan tsohon zanen wulaƙanci ya dawo ta hannunmu. A buga kai tsaye daga kwamfuta, kada a yi kwafin kwafi, a rage duhun tawada, a gwada shafi ɗaya mai fuska babba kafin a buga hamsin.

Fassarar ma sai an tace. Wasu sun zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, sai ƙasa ta koma kasa, mai koyon karatu ya rikice. A lura kuma rubutun Nijar na amfani da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Lasisin Creative Commons, wato izinin amfani kyauta da ke kan littattafan, ya ba malami damar gyara kalma ko sauya suna zuwa Hadiza ko Audu, muddin ya bar sunan marubuci da mai zane a jiki. Ya kamata malamar aji ɗaya ta fara da mataki na 1 da na 2, ta karanta kowane shafi da ƙarfi ita kaɗai kafin ta kai wa yara.