Wata shida da ɗaura wa injin niƙana VFD

Moton da ke juya injin niƙana mai ƙarfin doki goma ne, kilowat 7.5. A da, da zarar na danna maɓalli sai bel ya ƙwala ƙara, fitilar shago ta dushe, janareta ya durƙusa yana aman baƙin hayaƙi. Ashe irin wannan moto, in aka jona shi da wuta kai tsaye, yakan zuƙi ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci yana cikin aiki.

Mai gyaran wutarmu ne ya dame ni sai na sayi VFD, na'urar sarrafa gudun moto, wadda wasu ke kira inbata. Ita ba ta sakar wa moto wuta gaba ɗaya. Daga ƙasa take farawa, tana hawa a hankali har ta kai hatz 50, wato inda moton ke kai cikakken gudunsa, cikin daƙiƙun da ka saita mata. Mun sa 15. Ranar farko har leƙawa na yi in tabbatar injin ya tashi, don ban ji ihun da na saba ji ba. Janareta ko gezau. Bel ɗin da na sa kafin azumi shi ne har yau a kan fuli.

Wajen tsayawa ne na sha wuya, kuma laifina ne. Don gaggawa na mayar da lokacin tsayawa daƙiƙa 3. Faifan niƙa da fuli suna da nauyi, ba sa tsayawa don an ce su tsaya, sai su ci gaba da juya moton, shi kuma ya rikiɗe ya zama janareta yana mayar wa na'urar wuta. Nan take ta yanke, allonta ya nuna OV, wato wuta ta yi mata yawa, ga mata a layi da robobin masara. Mai gyaran ya ce, "Alhaji, ko ka sayi resista ta birki, mai cinye rarar wutar, ko ka ba ta lokaci." Na ba ta daƙiƙa 20, shi ke nan.

Ba ta shiri da ƙura. Gari yana toshe mata fanka ta ɗau zafi, sai da na yi mata akwati mai raga a bangon da ke nesa da injin, ina kuma hure ta duk Juma'a kafin in rufe shago.